Ranar da Muka Goge Muryar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, ƙanena da ke aiki a birni ya aiko mini da kwamfuta ta cinya, sabuwa dal a kwalinta, har da ledar da ke manne a murfi. Wai in riƙa nuna wa masu kawo ɗinki salon aiki a ciki, in daina liƙa tsofaffin kalandu a bango. Ni tela ne a Bodinga, kuma duk wanda ya san ni ya san shagona zauren gidanmu ne. Daga keken ɗinki zuwa tabarma taku bakwai, daga tabarma zuwa kwanon tuwo taku huɗu, iyakar yawona ke nan. Karatun bokona bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni kunne. Kafin keke ya nemi mai na riga shi sani. Da takun mutum nake gane ko karɓar ɗinki ya zo ko faɗa.

Sai dai kafin in kai ku ga kwamfutar, dole in kai ku ga wani kaset.

Asalinmu mutanen Shagari ne, daga baya muka dawo Bodinga wajen kawunnaina. A ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mutanen nesa suna zaton tunda daga Shagari muke, garin shugaban ƙasa, da cokalin zinariya muke shan kunu. Ina! Mahaifiyata ta ce sabulun wanki ma sai an yanka shi gida uku. A wannan matsin ne mahaifina ya bi motar shanu zuwa kudu neman abin rufin asiri. Shekarata huɗu, ƙanena yana ciki.

Shi bai iya boko ba, ita kuma ba ta karanta ajami, don haka ya yi abin da matafiya suke yi a zamanin. Ya ari rakodar wani, ya yi magana a kaset, ya ba direban motar shanu ya kawo. Wasiƙar baki ke nan. Ya gaida kowa bi da bi, har da makwabcin da ba sa ga maciji. Ya ce kada a sayar da jar saniya komai wuya. Ya ce ruwan can ba ya gajiya da sauka. A ƙarshe ya ce, “In Allah ya so, kahin layya ina tahe.” Ya yi sallama.

Bai zo ba. Bayan wata biyu wani direban ya kawo labarin ya yi ɗan gajeren ciwo, 'yan uwa Hausawa na zango sun yi masa sutura. Babu hoto, babu kabarin da za mu nuna. Wannan kaset shi ne kaɗai abin da ya dawo gida.

Duk jajibirin Babbar Salla mahaifiyata takan fito da shi daga wani gwangwanin madara da ke ƙasan adakarta. Sai ta zauna, a kunna, ta saurara ba ta ce uffan ba. Yana yin sallama take danna maɓalli, ƙat. Ta saba tun lokacin da batir yake da daraja kamar nama, kuma ba ta yarda rakoda ta mayar da zaren baya, da biro ake juya shi a hannu. Shekara talatin da 'yan kai haka muke yi, ko da wuta, ko babu.

To, da kwamfuta ta zo, sai wayo ya kama ni. Na ce bari in yi abin arziki, in sa a zuba muryar a ciki kafin zaren ya mutu. Na saci kaset ɗin ina murna, na ɗauki kwamfutar, na hau mota zuwa Sakkwato, ni da nake shekara ban wuce tasha ba. Wani mai shagon kaset ya haɗa wayoyi, ya ce a bar shi ya gama da kansa. Na zauna a bencin waje ina zuba da mai shayi, don ni ko da turmi aka bar ni sai mun yi hira. Da na koma na tarar muryar ta shiga lafiya, ya kunna mini farkonta na ji. Amma wajen mayar da zaren baya injinsa ya cafke shi, ya tauna, ya tsinka shi gutsi-gutsi. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ba komai, ai ga ta a kwamfuta. Na dawo na mayar da ƙwarangwal ɗin kaset cikin gwangwani, na rufe bakina. Na ce in Salla ta zo na san dabarar da zan yi.

Saura kwana tara Salla abokina ya zo daga Shagari. Malamin makaranta ne, tare muka yi wasan ƙasa, kuma tun muna yara kifin rijiya yake kirana. Ya ga kwamfutar tana ja da ƙyar, kullum da wani rubutu a kusurwa da ban san me yake cewa ba. Ya ce manhajar da ta zo da ita ce take riƙe mata wuya, shi zai sa mini wata ta kyauta da ake kira Linux. Na tambaye shi wane mai arziki ne yake rabon abu kyauta a wannan marra. Ya ce ba ta mutum ɗaya ba ce, aikin gayya ce. Mutanen duniya ne kowa ya kawo fartanyarsa, wanda ya ga ciyawa ya cire, wanda ya ga rami ya cike, kuma gonar ta kowa ce. In ya fara wannan wa'azin, limamin Juma'a ma sai ya ba shi wuri.

Ya ciro wani ɗan filash daga aljihu ya soka, ya kashe kwamfutar ya kunna, yana ta danna maɓalli ɗaya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Allon ya yi baƙi, fararen rubutu suka yi ta gudu, sannan wani sabon launi ya fito. Daidai nan mahaifiyata ta jiyo muryarsa ta fito gaisawa. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, da bango take tafiya. Ya sauka daga benci ya durƙusa, suka yi ta gaisuwa, ta tambayi tsohuwarsa, ta tambayi rijiyar unguwarmu ta dā ko har yanzu tana da ruwa. Ta samu gefen tabarma ta zauna.

Sai ya juyo gare ni, yatsansa a kan maɓalli.

“Kifin rijiya, akwai abin da kaka so cikinta? In na taɓa nan, komi ya tahi.”

Jama'a, ga mahaifiyata zaune, gwiwarta tana taɓa tawa. In na ce akwai, za ta ce mene ne. In na faɗi mene ne, za ta ce yaya aka yi ya shiga can. Na ji bakina ya ce, “Ba komi, ai sabuwa ta.” Na yi ta ƙifta masa ido, na taka masa ƙafa, shi kuwa ya matsar da ƙafar ya ce yi haƙuri.

Ina shirin jan shi waje sai ta ce, “Wanga yaro, baƙo tun daga Shagari ko ruwa ba ka kawo mai ba? Haka nik koya ma?” Da furfurata a gemu na miƙe kamar an tsikare ni. A raina na ce ai ba zai fara ba sai ya sha ruwa, wa yake fara aiki kafin ya jiƙa maƙoshi? Na shiga ciki na tarar maiɗakina ba ta gama dama fura ba. Na tsaya jira, kuma kun san ni, jira ya zama labari.

Da na fito da ƙwarya, wani ɗan layi yana tafiya a ƙasan allo, ya wuce rabi. Abokina yana ba mahaifiyata labarin yadda na taɓa faɗawa kwatami ranar Salla, tana dariya. Ya ce in zo in zaɓi kalmar sirri. Ban san abin da na zaɓa ba.

Sai da ta shiga sallar la'asar na faɗa masa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauka haka ba. Ya ajiye ludayi. Ya fara faɗa, ya ce ai ya tambaye ni, ya tambaye ni da bakinsa. Na ce na taka maka ƙafa. Ya ce shi malamin makaranta ne, ba boka ba. Can ya kashe kwamfutar, ya rufe, ya ce kada wanda ya sake kunna ta. Ya ce abin kamar allo ne da aka wanke. In ba a yi sabon rubutu a wuri ba, mai ido yakan ga inuwar tsohuwar tawada. Inda sabon rubutu ya hau kuwa, sai dai haƙuri. Ya ɗaure ta a bayan babur da ɗankwalin maiɗakina, ya tafi da ita Shagari.

Kwana uku ban san me nake ɗinkawa ba. Na sa wa wani dattijo aljihu a baya. Mahaifiyata kuma ta fara cewa a duba rakoda, a goge mata ƙura, Salla ta matso.

Rana ta huɗu ya kira ni. Ya ce ya tono abin da zai tonu, amma duk sun fito babu suna, sai lambobi, shi kuma kunnensa ya gaji. In zo da nawa.

Na isa Shagari rana tsaka. Damina ce, kowa yana gona, garin shiru kamar an share shi. Ɗakinsa yana can ƙarshen gida, taga ɗaya, labule mai kauri a ƙofa. Ya ware mini masu sauti, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙararrawa, wancan ɗan kiɗa na daƙiƙa biyu, wani kamar an saki cokali a kwano. Duk tarkacen tsohuwar manhaja ne. Babu gaisuwa, babu jar saniya, babu kahin layya. Saura guda ɗaya, mai tsawo, wanda ya ce ya riga ya gwada, iska ce kawai. Ya kunna, ya ƙure ƙara. Shuuu, kamar ana zuba gero a buhu. Ya dafa kafaɗata, ya ce bari ya je ya yi alwala, in na gaji in kashe.

Ban kashe ba, don ni ba iska kaɗai nake ji ba. A ƙarƙashin shuuu ɗin akwai ruwa yana dukan kwanon rufi. Na ɗaga labulen taga, rana ƙwal, ko gajimare babu. Na koma na kara kunne. Aka ja wani abu a ƙasa, kamar buta a kan siminti. Gado ya yi ƙara. Sai aka yi gyaran murya, sau biyu gajeru, na uku da ɗan ja.

Wannan gyaran muryata ne. Haka nake yi in zan sa zare a allura, har maiɗakina tana kwaikwayona. Na taɓa maƙogwarona in ji ko ni ne na yi ban sani ba.

Na ce bari in sha iska. Na fita ƙofar ɗaki na tsaya, na kalli kaji suna tono, na ce wa kaina kai dai matsoraci ne, girman banza. Na juya. Ina ɗaga labule, ƙafata ɗaya a ciki, sai wata murya a ɗakin da babu kowa ta ce:

“Wa an nan?”

Ba da ƙarfi ba. Yadda mutum yake tambaya in ya ji motsi a ƙofarsa. Kuma aka yi shiru, ana jiran amsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar cin abinci. Abokina ya same ni a tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ina riƙe da turken akuya. Ya fara dariya. Na ce je ka saurara. Ya shiga, ya mayar baya, ya sa kunne inda na nuna masa. Da ya fito ba ya dariya.

Shi ya warware mini. Mai shagon Sakkwato ya bar kaset ya tafi har ƙarshen zare, ya kwashe duka. Sabuwar manhaja ta hau kan farkon, ta cinye wasiƙar gaba ɗaya, ta bar abin da ya biyo bayan sallama. Mahaifina da rakodar aro yake aiki, bai san ba ta tsaya ba. Ya gama magana, ya ci gaba da zamansa a ɗaki, ita kuwa tana ta ɗauka. Mu kuma duk shekarun nan yana yin sallama muke kashewa. Yana nan a bayan maɓalli, ba wanda ya taɓa barin sa ya ƙarasa.

Muka zauna muka saurara daga farko zuwa ƙarshe, mu biyu, ƙofa a buɗe. Wajen minti ashirin ne. Akwai wani wuri a tsakiya da na ji abin da ya sa na ce wa abokina ya toshe kunnensa, ya kuwa toshe. Bayan tambayar farko ya sake yi, a hankali. Ba a amsa ba. Ba a ji an buɗe ƙofa ba, ba a ji taku ba, kuma ni in akwai taku zan ji. Ruwa kawai. Sai zare ya ƙare.

Ranar jajibiri da hantsi mahaifiyata ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakinta, ta ce in ɗauko gwangwani. Na zo na durƙusa a gabanta hannu wofi. Na faɗa mata komai, tun daga satar har zuwa fura. Ina magana ina jiran ta fashe da kuka ko ta ɗaga mini hannu, ko ɗaya ba ta yi ba.

Ta ce tun ranar da na dawo Sakkwato ta sani. Kaset da zare da kaset babu zare ba nauyinsu ɗaya ba, ido ne ya tafi, ba hannu ba. Ta yi shiru ne ta ga ranar da zan gaji da ɗaukar kayan ni kaɗai. Na ce wasiƙar ta tafi, Inna, ba za ta dawo ba. Sai ta gyara zama ta fara karanto ta. Gaisuwar bi da bi, makwabcin, jar saniya, har inda yake tsayawa ya ja numfashi ita ma ta tsaya. Ba ta tsallake kalma ɗaya ba. Da ta kai sallama, na ga babban yatsanta ya danna tabarma.

Ta ce, “Magana tana nan. Murya ta kab ɓatar.”

Na ce akwai saura, amma ba wasiƙa ba ce, kuma ban sani ba ko ya dace ta ji. Ta ce wane ne ni da zan tace mata mijinta. Na ɗauko kwamfutar na ajiye a gabanta, na kunna.

Ta ji ruwan, ta ce lallai bai yi ƙarya ba. Ta ji gyaran muryar, ta juyo da fuskarta wajena. Sannan aka zo wurin nan na tsakiya. Kun san mutanen dā, namiji ba ya kiran sunan matarsa ta fari, ita ma ba ta kiran nasa. Ni ban taɓa jin sunan yanka na mahaifiyata a bakin kowa ba sai a takardar asibiti. To, a cikin wannan ɗakin na kudu, shi kaɗai, yana zaton ba mai ji, ya kira sunan. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Ta ja mayafinta ta rufe baki. Na kai hannu zan kashe, ta buge hannun.

Muka zauna cikin ruwan nan na shekara talatin, rana tana dukan tsakar gida. Gado ya yi ƙara. Sai ya ce, “Wa an nan?”

Ta saki mayafin, ta ɗan sunkuyar da kai yadda ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

“Ni ta, Malam.”

Ya sake tambaya. Ta sake amsawa, ta ɗan ɗaga murya, kamar dai ruwan ne ya hana shi ji. Zare ya ƙare. Ta ce in je in ga ko an kawo ragon, kuma in ce wa ɗan Shagari ta yafe masa, ni kuwa tana tunani.

Salla huɗu ta ƙara yi a duniya, kuma duk jajibiri haka aka yi. Ita ta karanto wasiƙar da ka, sannan in kunna, ya kira ta, ya tambaya, ta amsa. Abokina ya kwafe sautin wuri uku, ya ba ƙanena ɗaya, ya ce ko ni da wautata ba zan iya goge su duka ba. Manhajar tasa kuwa, gaskiya ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, da ita na yi ta nuna salon ɗinki har kwamfutar ta tsufa.

In kun tambaye ni abin da na koya, ba wani mai zurfi ba ne. Kunyar minti ɗaya na guje wa, na sayi abin da ba ya gyaruwa. Yanzu in aka tambaye ni ko akwai wani abu, ko gaban wa nake, cewa nake akwai, a dakata. Amma kuma wani lokaci in ina taka keke sai in tuna, da ban yi wannan wautar ba, da ta koma ga Allah ba ta taɓa jin ya kira sunanta ba. Ban san yadda zan auna waɗannan biyun ba, na bar wa Mai sama.

Tun da ta rasu ban sake kunnawa ba. Ƙanena yana cewa kewa ce, na bar shi a haka. Ba tambayar nake tsoro ba, na saba da ita. Kunnen nan nawa nake tsoro. Kada wata jajibiri in kunna, ya ce wa an nan, in ji an amsa masa daga can ciki.